Tsohon Albarushi a Tsohon Gwangwani: A Ɗura Ko a Zubar?

Wani mai karanta wannan fili, Bahaushe da ya daɗe a jihar Montana ta Amurka kuma ya shiga cikin mafarautan barewa na can, ya aiko da tambaya. Maƙwabcinsa dattijo ya rasu, iyalin suka ba shi kayan ɗura harsashi na marigayin, saboda sun san shi ma yana da hannu a harkar. A cikin kayan akwai gwangwanin albarushi guda uku. Biyu na ƙarfe ne masu tambarin DuPont, an rubuta IMR 3031 a jikinsu, ɗaya ba a taɓa buɗe shi ba, ɗaya an ci rabinsa. Na ukun gwangwanin kofi ne da aka manna wa takarda, aka rubuta 4895 da hannu. Akwai kuma littafin awo na shekarun 1970. Bindigoginsa huɗu: .30-30, da .308, da .45-70, da .300 Winchester Magnum. Yana so ya san ko wannan albarushi zai yi masa aiki a dukkansu, ganin yadda kuɗin sabo ya hau.

Malam, Allah Ya jiƙan maƙwabcinka da irin alherin da ya yi maka. Zan fara da gwangwani na uku, domin shi ba ya buƙatar dogon nazari: kada ka ɗura ko ƙwaya ɗaya daga cikinsa. Lambar 4895 ba sunan albarushi ɗaya ba ce. Akwai IMR 4895, akwai H4895 na kamfanin Hodgdon, kuma kowane da awonsa a littafi. Akwai ma rarar soja da aka yi ta sayarwa da wannan lamba tun daga 1947, lokacin da Bruce Hodgdon ya fara sayen albarushin da ya rage wa gwamnatin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana sayar wa jama'a. Wanne ne a cikin gwangwanin kofin? Wanda ya sani ya riga mu gidan gaskiya. Kuma ko da ya rubuta daidai a ranar da ya zuba, ba ka da tabbacin bai ƙara wani abu a kai ba bayan shekara biyar. Ido ba ya raba albarushi. Iri goma na iya zama 'yan sanduna baƙaƙe masu tsawo ɗaya, alhali ƙunarsu ta sha bamban. Albarushin da ya fita daga gwangwaninsa na asali ya rasa suna, wanda ya rasa suna kuwa ba shi da awo.

Sauran biyun su ne abin magana, kuma ina so ka fahimci abin da ke faruwa a cikinsu kafin ka ɗaga murfi.

Albarushin da ke cikinsu marar hayaƙi ne, kuma ba dangin baƙin albarushin da mafarautanmu ke ɗura wa bindigar toka ba ne. Baƙin albarushi gauraye ne na abubuwa uku, idan bai jiƙe ba yana iya shekara ɗari bai sauya ba. Marar hayaƙi kuwa auduga ce ko ɓargon itace da aka jiƙa da asid har ta zama sinadarin da ake kira naitiroselulos. Bafaranshe Paul Vieille ne ya fara mayar da shi albarushin bindiga mai amfani a 1884. Wannan sinadari tun ranar da aka haɗa shi yake ruɓewa a hankali. Yana fitar da wani tururi mai asid, shi kuma tururin yana ƙara hanzarta ruɓewar, ruɓewar tana haifar da zafi, zafin yana ƙara tururin. Masu yin sa suna zuba wani sinadari mai tsare shi, galibi difenilamin, wanda aikinsa shi ne shanye wannan tururi. Muddin mai tsaron yana nan, albarushi lafiya lau yake. Ranar da ya ƙare, ruɓewar ba ta da mai taka mata birki.

Faransa ta koyi wannan da jini. A 1907 jirgin ruwan yaƙinta Iéna ya fashe a tashar Toulon, a 1911 kuma Liberté ya fashe a wannan tasha dai, mutum kusan 300 suka hallaka a fashewar ta biyu kaɗai. Bincike ya ɗora laifin a kan albarushin da ya lalace a rumbun jirgi ya kama da wuta da kansa. Kada ka ce wannan labarin da ne. A 2015 masu IMR sun janye wani albarushi mai suna IMR 4007 SSC daga kasuwa gaba ɗaya, saboda an ga yana saurin lalacewa har ana tsoron ya kama wuta a inda aka ajiye shi, kuma a lokacin bai ko tsufa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ƙidayar shekaru ba ita ce ma'auni ba. Albarushin da ya shekara hamsin a ɗaki mai sanyi na iya fin wanda ya yi bazara biyar a gareji mai rufin kwano lafiya. Zafi ne babban abokin gaba, sai laima ta biyo baya. Duk ƙarin zafi na digiri goma a ma'aunin Salshiyos yana ninka saurin ruɓewar ko ma fiye.

Tambarin DuPont da ke jikin gwangwanayenka yana gaya maka cewa sun kai shekara arba'in ko kusa da haka, domin kamfanin ya saki wannan sana'a tun a shekarun 1980, daga baya kuma Hodgdon ya sayi sunan IMR a 2003. Saboda haka tambayi iyalin marigayin inda yake ajiye su. Idan a ƙarƙashin gida ne, inda sanyi ba ya yankewa, ka samu labari mai daɗi. Idan a rumfar da ke bayan gidan ne ko a saman silin, ka shiga binciken da zuciya biyu.

Fitar da gwangwanin waje, nesa da wuta da sigari da duk abin da ke tartsatsi. Taɓa jikinsa tukuna. Idan ka ji ɗumi alhali wurin da yake babu zafi, ko ka ga ya kumbura, kada ka buɗe, kada ka mayar da shi cikin gida, ka ajiye shi a fili ka kira 'yan kwana-kwana. Idan babu wannan, buɗe ka kaɗo iskar bakinsa da hannu zuwa hancinka, ba ka tura hanci ciki ba. Lafiyayyen albarushi yana da ɗan ƙamshi mai kama da na sinadarin goge farce ko na barasar asibiti, wani lokaci ma tsufa kan sa ƙamshin ya gushe gaba ɗaya, kuma wannan ba laifi ba ne. Wanda ya lalace yana da wari mai yaji da ke sukar hanci da maƙogwaro, wanda ba za ka yi shakkarsa ba. Sai ka zuba kaɗan a kan farar takarda. Idan ka ga ƙura ja ko mai ruwan ƙasa ta tashi, ko ta rina takardar, magana ta ƙare. Haka idan ƙwayoyin sun dunƙule, ko suna da danƙo, ko sun yi kamar an shafa musu mai. Leƙa cikin gwangwanin da ƙasan murfin. Tsatsa a waje tana iya zama aikin laima kawai, amma tsatsa a ciki, inda ruwa bai shiga ba, alama ce ta asid da ke fitowa daga albarushin kansa. Wasu za su ce maka a tankaɗe ƙurar a yi amfani da sauran. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ƙurar ba datti ba ce da ta faɗa ciki daga waje, shaidar abin da ke cin kowace ƙwaya ce.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa tsohon albarushi rauni yake yi, wato iyakar abin da zai faru shi ne harsashi ya fita ba ƙarfi. Da haka ne da da sauƙi. Kowace ƙwaya an lulluɓe ta da sinadarin da ke rage saurin kamawar wuta, kuma siffarta, tsawonta da ramin da ya ratsa tsakiyarta, duk an ƙera su ne don wuta ta ci ta da wani sauri ƙayyadadde. Idan ƙwayar ta fara rugujewa ta farfashe, wuta takan samu fili mai yawa ta ci gaba ɗaya, matsin da ke cikin bindiga ya yi tsalle. Ko lafiyayyen albarushi da ya bushe sosai saboda an bar murfinsa a sake yakan ƙara saurin ƙuna kaɗan. Wannan ya shafi gwangwaninka da aka ci rabi.

Kuma game da shi ina da wata damuwa ta daban. Masu ɗura harsashi sukan juye abin da ya rage a mazubin injin su mayar cikin gwangwani idan sun gama aiki. Dattijon da ke da albarushi iri-iri a kan teburi, wata rana hannu kan kuskure. Idan aka juye albarushin ƙaramar bindiga, mai saurin ƙuna, a cikin na doguwar bindiga, cokali ɗaya ya isa ya tarwatsa ƙarfe. Zuba ɗan abin da ke sama da wanda ke ƙasa a kan takarda, ka duba da gilashin ƙara girma. IMR 3031 'yan sanduna ne dogaye iri ɗaya. Idan ka ga faifai-faifai ko ƙwallaye ko sanduna masu wani kauri a ciki, ya bi sahun gwangwanin kofi. Ni dai, da a hannuna yake, rabin laba na albarushin da ban san hannun da ya bi ba bai kai in kasada idona a kansa ba. Wanda ba a buɗe ba shi ne nake da kyakkyawan zato a kansa.

To, mu ce ya ci jarrabawa. Wace bindiga zai yi wa aiki?

IMR 3031 tsohon hannu ne, ya fito kasuwa tun 1934, kuma har yau ana yin sa, abin da ke nufin akwai sabon awonsa a littattafan zamani. Wannan babbar sa'a ce gare ka. Saurin ƙunarsa matsakaici ne mai karkata zuwa sauri a cikin albarusan dogayen bindigogi. Abin da ake nufi da saurin ƙuna kamar bambancin kara da itacen ƙirya ne a murhu: ɗaya ya tashi fuu ya mutu, ɗaya ya daɗe yana ba da zafi. Kwanso ƙarami ko matsakaici mai faɗin baki yana son mai ɗan sauri, saboda ƙwayar harsashi tana matsawa gaba da wuri ta buɗe wa hayaƙi fili. Kwanso mai babban ciki da ƙaramin wuya yana son mai jinkiri, wanda zai ci gaba da turi har ƙwayar ta kusa fita bakin bindiga ba tare da matsin ya haura ba tun farko.

A .30-30 wannan albarushi gida ya zo. Mafarautan Amurka sun shafe shekaru da dama suna haɗa su biyun, kuma da wuya ka buɗe littafin awo ka rasa shi a wannan shafi. A .308 ma yana aiki, musamman da ƙwayoyi marasa nauyi sosai, ko da yake da masu nauyi akwai waɗanda suka fi shi, irin su IMR 4064 da Varget. A .300 Winchester Magnum kuwa ka manta da shi. Ya yi mata sauri. Matsi zai kai iyaka alhali kwanson bai cika ba, gudun harsashi ya gaza abin da aka sayi bindigar dominsa, kuma kuskure kaɗan a awo zai kai ka inda ba ka so. Irin wannan bindiga da albarusai masu jinkiri ake ciyar da ita. Ka sayi nata daban.

.45-70 ce nake so ka natsu a kanta. Harsashi ne da sojan Amurka suka ɗauka a 1873 don bindigar Springfield mai buɗewa ta sama, a zamanin baƙin albarushi, kuma har yau ana ƙera sababbin bindigogi masu cin sa. Saboda haka littattafan awo sukan raba shi gida uku: awon tsofaffin bindigogi masu rauni irin waccan Springfield, awon masu lifa na zamani irin Marlin 1895, da awon masu ƙarfi ƙwarai irin Ruger No. 1. Kwanson ɗaya ne, yana shiga duka ukun ba gardama. Harsashin da aka ɗura don ta uku, idan ya shiga ta farko, zai iya buɗe ta a fuskar mai harbi. Ba ka faɗa mini wace iri ce taka ba. Ka tabbatar kafin ka buɗe littafi, kuma ka rubuta a jikin kowane kwalin harsashi bindigar da aka yi shi dominta. Hukumar SAAMI, wadda ke tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka tun 1926, ta sa iyakar matsin .45-70 a 28,000 psi, na .30-30 a 42,000, na .308 a 62,000. Ka ga tazarar da ke tsakaninsu, albarushi ɗaya amma duniya uku.

Da gangan ban rubuta maka awon ko ɗaya ba, kuma ba zan rubuta ba. Awo ba abin da ake karɓa a shafin mujalla ko a bakin aboki ba ne, domin ya danganta da nauyin ƙwaya da ƙirarta, da kwanso, da 'yar hular da ke ƙyasta wuta a gindinsa, da zurfin da aka dasa ƙwayar. Ka ɗauke shi daga bugun kwanan nan na Hodgdon ko Lyman ko Hornady ko Speer ko Sierra, ka gwada biyu ko uku ka ga sun yi kusa da juna.

Za ka iya cewa, tunda albarushin tsoho ne, ai tsohon littafin da ya zo tare da shi ne ya dace da shi. Hujjar tana da kama da gaskiya, amma ga inda ta karye. A wancan zamani ana auna matsi ne da ɗan guntun jan ƙarfe da ake sawa ya matse, sannan a auna yadda ya lotse, wasu ma ba su da ko wannan, duban kwanso kawai suke yi. Yanzu na'urar lantarki ce ke zana yadda matsin ke hawa da sauka a cikin ƙiftawar ido, kuma ta tona cewa wasu tsofaffin awo sun wuce iyaka. Shi ya sa za ka ga an rage su a sababbin bugu. Ajiye tsohon littafin don tarihi da kwatance. Inda ya saɓa da sabo, bi wanda ya fi ƙanƙanta.

Fara daga awon farawa da littafi ya bayar. Idan iyakar sama kawai aka rubuta, al'adar masu sana'ar ita ce a rage kashi 10 cikin 100. Kada kuma ka yi ƙasa da awon farawa da sunan taka-tsantsan, domin ƙarancin albarushi ma yana da nasa haɗarin, ciki har da ƙwaya ta maƙale a bututu ka biyo ta da wata. Sandunan 3031 dogaye ne, ba sa zuba daidai a mazubin inji, sukan sarƙe ko su karye, don haka ka ɗora kowane awo a kan sikeli. Giren ɗaya, wato ma'aunin da ake auna albarushi da shi, bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, laba ɗaya kuwa giren 7,000 ce, ka ga aikin ba na ƙiyasin ido ba ne. Ɗura uku ko biyar kawai, ka sa gilashin kare ido, ka harba ta gaban na'urar auna gudun harsashi. Wannan na'ura ita ce shaidar da na fi yarda da ita. Idan gudun ya zarce abin da littafi ya nuna a wannan awo da bututu mai tsawo irin naka, to matsin ma ya zarce, ka tsaya nan ko da kana ganin sauran fili a shafi. Idan gudun yana hawa yana sauka barkatai tsakanin harbi da harbi, ko ka ji ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin harsashi, albarushin ya gaya maka halinsa, ka daina.

Mutane suna dogara da alamun jikin kwanso: hular gindi ta baje, sakata ta yi tauri wajen buɗewa, gindin kwanso ya ɗauki tabo mai sheƙi. A .308 waɗannan suna da amfani, ko da yake sukan zo a makare. A .30-30 da .45-70 kuwa kada ka jira su. Iyakar waɗannan bindigogi tana ƙasa da matsin da ke sa tagulla ta nuna gajiya, wato kana iya wuce abin da ƙarfen bindigar zai jure alhali kwanso yana fitowa sumul.

Kada ka haɗa tsohon 3031 da sabon da za ka saya don gwangwani ya cika. Kada kuma ka ɗura ɗaruruwa ka jibge. Tsohon albarushi ya riga ya ci yawancin kwanakinsa, ka ɗura abin da za ka harba a wannan kaka, ka rubuta kwanan wata a kwali, sauran ka bar shi a gwangwaninsa na asali a wuri mai sanyi, kana dubawa duk bayan 'yan watanni. Kada ka kulle shi a akwatin ƙarfe mai ƙarfi irin na ajiyar bindiga. Albarushi marar hayaƙi a sarari ci yake da wuta mai tsanani, amma idan aka tsare shi a abin da ba ya buɗewa, fashewa yake yi. Shi ya sa ƙa'idar kashe gobara ta Amurka ta fi son akwatin katako mai kaurin inci ɗaya ga wanda ajiyarsa ta wuce laba 20.

Da yake wannan shafi yana isa hannun mafarauta a gida, dole in faɗi abu biyu. Abin da ya halatta ga wannan ɗan'uwa a Montana bai halatta a Najeriya ba, inda Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko riƙe shi ba da izinin hukuma ba. Na biyu ya fi wannan gaggawa. Akan samu mai farke harsashin zamani ya juye abin da ke ciki a bindigar toka, yana ganin albarushi ai albarushi ne. Bututun bindigar toka ba a yi shi don ko kusa da wannan matsi ba. Hannu da ido da rai ake rasawa a haka, kuma babu wani awo ƙarami da zan ce maka ya tsira.

Saura yadda za ka rabu da gwangwanin kofi da duk wanda ya faɗi jarrabawa. Kada ka jefa a shara, kada ka zuba a magudanar ruwa. Kira ofishin 'yan kwana-kwana na garinku ko wurin karɓar shara mai haɗari na gundumarku, su faɗa maka yadda suke karɓa. Idan kuma a cikin kayan marigayin akwai harsasan da ya riga ya ɗura, kada ka harba su, ko da kwalin yana da rubutu. Duba wuyan kwanso, idan ka ga tsaga ko wani kore-kore yana fitowa, albarushin ciki yana cin tagullar ne. Waɗannan ka miƙa su tare da gwangwanin. Masu kyan gani kuma ka zare ƙwayoyinsu da abin zarewa, ka haɗa albarushin da wanda za a zubar, kwanson da ƙwayar kawai za ka iya sake amfani da su bayan ka duba cikinsu da fitila.